Masu Neman Tushe a Kufan Kwal na Durham

Ranar Talata 16 ga Fabrairu 1909, da la'asar, mutanen garin Stanley da ke gundumar Durham a arewa maso gabashin Ingila suka ji wata ƙara daga ƙarƙashin ƙasa. Kafin su ankara, sai ga harshen wuta ya fito ta bakin ramin kwal na West Stanley. Mutum 168 suka halaka a wannan yammaci, cikinsu har da yaran da ba su cika shekara 15 ba. Cikin 'yan kaɗan da aka fito da su da rai akwai wani Frank Keegan, wanda bai tsaya jinyar kansa ba, ya sake bin masu ceto suka koma ƙasa neman sauran.

Shekara 86 bayan haka, a 1995, jikan wannan mutumi ne aka gayyato ya buɗe wurin tunawa da mamatan. Shi ne Kevin Keegan, kocin Newcastle a lokacin, wanda ya ci kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Turai a 1978 da 1979. Ba a Stanley aka haife shi ba. Mahaifinsa ya bar arewa maso gabas ya gangara Yorkshire, can ma haƙar kwal ɗin ce, aka haifi Kevin a Armthorpe kusa da Doncaster. Ramin da kakansa ya tsira daga cikinsa kuwa tun 1936 aka rufe shi. Keegan sananne ne, shi ya sa jaridu suka ɗauki labarin zuwansa. Amma irinsa dubbai ne, waɗanda ba wanda ya san da su: jikoki da tattaɓa-kunnen mahaƙa da ke zuwa kowace shekara daga wasu sassan Birtaniya, daga Amurka da Kanada da Ostireliya, suna neman ƙauyen da aka binne cibiyar kakanninsu, da tsofaffin da suka bar gida suna samari suka dawo da furfura suna cigiyar abokan makaranta da abokan rami.

Kafin a fahimci abin da suke nema, sai an san yadda aka yi ƙauyukan suka kafu. Yawancinsu ba su da wani tarihi kafin kwal. Kamfani zai gano ma'adini a tsakiyar gona ko a bakin teku, ya haƙa rami, ya jera gidaje layi-layi a gindinsa, sannan ya nemi mutane. Sai a zo daga ko'ina: manoman da gona ta gaza ciyar da su, mutanen Ayalan da yunwa ta koro, mahaƙan kuza da tagulla na Cornwall da nasu ramukan suka mutu, 'yan Wales da 'yan Sikotilan. A 1913 gundumar Durham kaɗai ta haƙo tan miliyan 41 na kwal, a 1923 kuma mutanen da ke aikin sun kai kimanin 170,000. Ƙauye guda, rami guda, sana'a guda. Ƙarar jiniyar rami ita ke tashin gari, ita ke gaya wa mace lokacin ɗora ruwan wankan miji da 'ya'ya, kuma idan ta yi kuka ba a kan lokacinta ba, kowa ya san ba lafiya.

Gidan da mahaƙi ke ciki na kamfani ne. Ba ya biyan haya, ana kuma ba shi kwal ɗin girki da jin ɗumi, amma ranar da aiki ya ƙare, ranar zama ya ƙare. A yajin aikin 1844 an fitar da iyalai da kayansu an zube su a bakin hanya. Tsohon da ƙarfinsa ya ƙare ma haka yake fuskanta, abin da ya sa a 1898 wani mahaƙi mai wa'azi, Joseph Hopper, ya jagoranci kafa ƙungiyar gina wa tsofaffin mahaƙa gidaje da 'yan kuɗin da ma'aikata ke yanka daga albashinsu. Ƙungiyar tana nan har yau, gidajenta na nan a ƙauyuka da dama. Saboda wannan rashin tabbas, iyalin mahaƙa ba su cika daɗewa wuri ɗaya ba. Peter Lee, wanda aka haifa a Trimdon Grange a 1864, ya shiga rami yana ɗan shekara 10, ya yi ta yawo daga wannan rami zuwa wancan, ya je Amurka, ya je Afirka ta Kudu, kafin ya dawo ya zama jagoran mahaƙa kuma shugaban majalisar gundumar a 1919. Mai binciken asalinsa a yau yakan tarar an haifi 'ya'yan kakansa su shida a ƙauyuka huɗu ko biyar.

To ina wannan zumunci mai ƙarfi ya samo asali, tun da mutanen ba dangin jini ba ne, kuma ba sa zama wuri ɗaya? Daga ƙarƙashin ƙasa ya fito. A ramukan Durham, gwargwadon abin da mutum ya haƙo ake biyansa, kuma wuraren aiki ba ɗaya suke ba: wani wurin kwal ɗin na da taushi, wani kamar dutse, wani ruwa ke zuba, wani rufinsa bai kai tsayin teburi ba, sai a kwance ake sara. Don kada manaja ya fifita nasa, duk bayan wata uku ake jefa ƙuri'a a raba wuraren. Ba mutum ɗaya ake jefa wa ba, shi da abokan aikinsa ne, waɗanda suke kira marra. Da kai da marra ɗinka kuɗinku ɗaya ake haɗawa a raba, wurin da ka bari shi zai karɓa, katakon da ya kafa ya tokare rufi shi zai hana dutse danne ka. Wanda ya yi shekara ashirin yana damƙa ransa a hannun wani kowace safiya, ba zai manta da shi don an rufe rami ba. A sama kuma mata suna da nasu: wadda ke karɓar haihuwa, wadda ke wankan gawa, wadda za ta aiko da tukunyar miya ranar da aka kawo miji a kan makara.

Watsewar farko talauci ne ya kawo ta. Tun ƙarni na 19 mahaƙan arewa maso gabas ke tsallaka teku zuwa Pennsylvania da Illinois, ko zuwa kwarin Hunter a Ostireliya, inda aka liƙa wa sababbin wurare sunayen gida: Newcastle, Wallsend, Pelaw Main, Hebburn. Bayan yajin aikin 1926, wanda mahaƙa suka yi wata bakwai a cikinsa suka koma ba su sami komai ba, waɗanda aka sa sunansu a baƙin littafi da waɗanda ramukansu suka tsaya suka bazu kudu, zuwa sababbin ramukan Doncaster da Kent, wasu da ƙafa. 'Yan mata kuma aka riƙa tura su aikatau gidajen masu kuɗi a Landan.

Ta biyu kuwa hukuma ce ta tsara ta a kan takarda. Ranar 1 ga Janairu 1947 gwamnati ta karɓe ramukan kwal daga hannun kamfanoni, aka yi murna a ƙauyuka, aka kafa alluna a bakin kowane rami cewa yanzu na jama'a ne. A lokacin Durham na da ramuka fiye da 120 da ma'aikata sama da 100,000. Amma kwal ɗin yammacin gundumar, inda aka fara haƙa tun ɗaruruwan shekaru, ya kusa ƙarewa. Sai a 1951 majalisar gundumar ta fitar da tsarin raya ƙasa wanda ya kasa garuruwa da ƙauyuka 357 gida huɗu, daga A zuwa D. Waɗanda suka faɗa rukunin D, su 114, an yanke cewa ba su da makoma: ba za a gina sabon gida a cikinsu ba, ba za a kashe kuɗin gwamnati ba, gidan da ya tsufa a saye shi a rushe, mutanen kuma a kwashe su zuwa sababbin unguwanni da sababbin garuruwa irin su Newton Aycliffe da Peterlee, wanda aka raɗa wa sunan Peter Lee. A 1964 adadin ya ƙaru zuwa 121.

Masu tsarin ba mugaye ba ne, dole a faɗi wannan. Gidajen da yawa sun lalace, ga danshi, ga ban-ɗaki a waje, babu ruwan zafi, kuma 'yan majalisar da suka sa hannu akasarinsu 'ya'yan mahaƙa ne da ke son mutanensu su fita daga wannan hali. Kuskurensu shi ne sun ƙirga bulo da bututun ruwa, ba su ƙirga maƙwabta ba. Tsohuwar da aka ba sabon gida mai banɗaki a ciki ta rasa ƙawar da suka yi shekara arba'in suna hira ta kan katanga. Mutane suka ƙi tashi. Witton Park, kusa da Bishop Auckland, ya zama abin misali: aka rushe layi bayan layi, aka kwashe iyalai, waɗanda suka rage suka kafe suna faɗa da majalisa shekara da shekaru. Da aka soke tsarin a 1977, ƙauyuka uku kacal aka iya shafewa ƙurmus. Sauran sun rayu, amma da giɓi a tsakiyarsu, filayen ciyawa a inda tituna suke a da.

Ana cikin haka sai hukumar kwal ta ƙasa, ƙarƙashin Alfred Robens wanda ya shugabance ta daga 1961 zuwa 1971, ta rufe ramuka kimanin 400 a faɗin Birtaniya, don man fetur ya yi arha kuma jiragen ƙasa sun daina cin kwal. Aka ce wa mahaƙan Durham akwai aiki da sabon gida a tsakiyar Ingila ga mai so. Dubban iyalai suka ɗaure kaya zuwa Cotgrave da Calverton da Ollerton a Nottinghamshire, zuwa Rugeley a Staffordshire, zuwa Kellingley a Yorkshire. Sun tafi da karin harshensu, da kiwon tattabarunsu, da gasar noman wata albasa mai kaurin wuya da suke ji da ita. A Calverton har kulob nasu suka kafa na 'yan arewa maso gabas. Lokacin hutu sai a cika motocin safa a nufi gida gaida iyaye. 'Ya'yan da aka haifa a can suka tashi suna jin ana cewa "gida" ana nufin wani ƙauye da suke gani sau ɗaya ko biyu a shekara.

Ƙarshen ya zo da sauri. Horden ya rufe a 1987, Dawdon da Murton a 1991, Easington da Vane Tempest da Westoe a 1993, sannan Wearmouth a Disambar wannan shekarar, shi ne na ƙarshe a yankin kwal na Durham. Waɗanda suka yi ƙaura ma ba su tsira ba: Cotgrave ya bi sahu, Calverton ya rufe a 1999, Kellingley kuma, ramin ƙarshe mai zurfi a duk Birtaniya, ranar 18 ga Disamba 2015.

Wanda ya dawo yau zai sha wuya kafin ya gane inda yake. A kan ramin Wearmouth aka gina filin wasan Sunderland, Stadium of Light, wanda aka buɗe a 1997. Inda tulin dattin ramin Murton yake, yanzu rukunin kantuna ne. Gaɓar tekun da aka yi shekaru ana juye mata dattin kwal har yashinta ya koma baƙi ƙirin, an share ta tsakanin 1997 da 2002, aka kwashe tan fiye da miliyan ɗaya, ciyawa da furanni suka dawo. Abin farin ciki ne, amma tsohon da ya yi wasa a wannan baƙin yashi yana yaro yakan tsaya ya rasa abin da zai nuna wa jikansa.

A Easington an bar abu guda. A kan tudun da ke kallon Tekun Arewa, inda ramin yake, an kafa kejin ƙarfen da ke sauka da mutane ƙasa, mai hawa uku, tsaye shi kaɗai a fili, iska na ratsa shi. A cikinsa ake cusa maza kafaɗa da kafaɗa a sake su cikin duhu, daga nan su yi tafiyar mil da yawa a ƙarƙashin teku kafin su kai wurin aiki. Daga can idan aka gangaro cikin gari akwai wata hanya mai bishiyoyi da aka shuka guda 83, ɗaya ga kowane mutum da ya mutu sanadin fashewar 29 ga Mayu 1951: mahaƙa 81 da masu ceto biyu. Abin ya faru da asuba, daidai lokacin canjin aiki, masu shiga da masu fita duk suna wuri ɗaya, shi ya sa adadin ya yi yawa haka. Duk shekara a wannan rana ana taruwa a maƙabartar garin, kuma 'ya'yan mamatan, waɗanda yanzu sun haura saba'in, suna zuwa daga inda rayuwa ta kai su. Masu kallon fim sun san titunan Easington ko da ba su san sunansa ba, don a nan aka ɗauki Billy Elliot na shekarar 2000. Wasu daga cikin layukan da aka nuna a ciki an rushe su daga baya.

Maƙwabcinsa Horden ya fi ban tausayi. Kamfanin da ya gina shi bai ma wahalar da kansa da raɗa wa tituna suna ba, lamba ya ba su, daga Titi na Ɗaya zuwa na Goma Sha Uku. Yau gidaje da yawa a waɗannan layuka an toshe tagoginsu da katako da ƙarfe, masu su 'yan kasuwa ne na nesa da suka saye su da arha a gwanjo ba su taɓa ganinsu ba. A lambun shaƙatawar garin akwai mutum-mutumin ƙarfe da maƙeri Ray Lonsdale ya ƙera, aka kafa a 2015: mahaƙi ne da hular aikinsa, kansa a sunkuye, ƙirjinsa a ɓule inda zuciya take. Marra aka sa masa suna.

Bahaushen da ya san barikokin kuza na ƙasar Jos, irin su Bukuru da Barikin Ladi, inda Kanawa da Katsinawa da Barebari suka taru saboda ma'adini suka hayayyafa, sannan kamfanoni suka naɗe tabarmarsu suka bar tafkuna da tsofaffin injuna, ba sai an yi masa dogon bayanin wannan yanayi ba.

Abin da Durham ke da shi wanda ba kowane yankin ma'adini ke da shi ba, shi ne rana guda da kowa ya san inda zai sami kowa. Ƙungiyar mahaƙan Durham ta kafu a 1869, ta yi babban taronta na farko a 1871, kuma tun daga 1872 ake yin sa a tsohon filin sukuwa da ke bakin kogin Wear a birnin Durham. Asabar ta biyu a watan Yuli ce ranar. Yaƙe-yaƙen duniya biyu, da manyan yaje-yajen aiki, da annobar korona ne kawai suka taɓa hana shi. Mutanen wurin Babban Taro suke ce masa.

Tun da sassafe ake farawa, a ƙauye. Ana fito da tutar reshen ƙungiya daga inda take ajiye, ƙatuwa ce ta siliki mai zane gaba da baya, maza biyu na riƙe da sandunanta, wasu na jan igiyoyi don kada iska ta kwashe ta. 'Yan badujala na gaba, jama'a na biye, a zaga titunan gari, a tsaya a wurin tunawa da mamata. Nan ake busa Gresford, taken da wani tsohon mahaƙi ɗan Hebburn, Robert Saint, ya tsara don mutum 266 da suka mutu a wani rami na Wales a 1934. Ba shi da baiti, busa ce kawai, kuma da an fara ta maza ke cire hula, hira ta ɗauke. Daga nan sai motoci zuwa birni. Tutoci sama da 50 ke bin juna ta tsofaffin tituna masu ƙunci, su haye gadar Elvet, kowace ta tsaya a ƙarƙashin barandar otal ɗin County inda shugabannin ƙwadago da baƙi ke tsaye, badujalarta ta yi busa ɗaya, a wuce. Kafin ta ƙarshe ta isa fili an yi awa biyar ko fiye. A zamanin da ramuka ke aiki, tutar da aka yafa wa baƙin ƙyalle alama ce cewa ramin ya ci rai a wannan shekara. Da rana kuma ana shiga da sababbin tutoci babbar majami'ar Durham, wadda aka fara ginawa a 1093, a sa musu albarka.

A filin sukuwa ake jingina tutocin a jikin shinge, a jere, a tara kayan busa a gindinsu. Nan ne asirin taron. Mutumin da ya bar Chopwell ko Thornley ko Wheatley Hill shekara hamsin da suka wuce ba ya bukatar adireshin kowa. Ya bi shingen nan har ya ga sunan ƙauyensu a rubuce, ya tsaya. Ba zai daɗe ba wani zai ƙura masa ido ya tambaye shi ko shi ɗan wane ne, na layi kaza. Daga nan sai lissafi: wane ya rasu, wance na Kanada, wane yana can gindin tanti da sandarsa, bari a kira shi. Akan ga jikoki riƙe da tsohon hoto suna nuna wa dattawa ko akwai wanda ya gane fuska. 'Yan siyasa na can kan dandamali suna jawabi, ana tafa musu ko a yi musu ihu, amma dubban mutane ba su ma juya wajen ba. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar ce ta kawo su.

Saura ƙiris taron ya mutu. Bayan 1993 babu mahaƙi ko ɗaya da ke biyan kuɗin ƙungiya daga albashin rami, jama'a suka ragu ƙwarai, shugabannin jam'iyyar Labour kuwa tun kafin nan suka daina zuwa. Shugabannin ƙungiyar na lokacin, David Hopper da David Guy, suka ƙi bari a binne shi, wani attajiri ɗan New Zealand, Michael Watt, ya ɗauki nauyinsa na wasu shekaru. Sannan abin da ba a zata ba ya faru: ƙauyuka suka fara kafa kwamitocin tuta. A nemo tsohuwar da ta ruɓe a ɗakin ajiya, ko hotonta idan ta ɓace, a yi ta tara kuɗi da 'yan caca da sayar da shayi, a ɗinka sabuwa. Ƙauyukan da ramukansu suka rufe tun shekarun 1960, har da na rukunin D, suka dawo layi. Yanzu masu shirya taron na ƙiyasta mahalarta da kimanin 200,000, kuma kuɗin na fitowa ne daga ƙungiyoyin ƙwadago da gudummawar masoya. Hukumomin da suka watsa mutanen nan ba su ne suka tara su ba.

Akwai dai rabuwar da tuta ba ta ɗinke ba. A Maris 1984 mahaƙa suka shiga yajin aiki ƙarƙashin Arthur Scargill don hana gwamnatin Margaret Thatcher rufe ramuka, aka yi shekara guda cur. Durham ta tsaya. Matan Easington suka buɗe kicin suna ciyar da ɗaruruwan mutane kullum, kuma a watan Agusta, da mutum guda ya yanke shawarar komawa aiki, 'yan sanda suka cika garin kwana da kwanaki don su shigar da shi. A Nottinghamshire kuwa mafi yawan mahaƙa ba su daina aiki ba, kuma can ne dubban 'yan Durham suka koma shekara ashirin kafin nan. Sai aka wayi gari wa yana yaji a gida, ƙane yana shiga rami a kudu, ko kuma a layi ɗaya maƙwabci ya gaji da bashi da sanyin hunturu ya koma kafin a janye a Maris 1985. Shekara arba'in ke nan, har yanzu akwai waɗanda ba sa gaisawa, akwai jana'izar da ba a zuwa. Mai dawowa neman tsofaffin abokai yakan fara da bincike a hankali, ya san ɓangaren da kowa ya tsaya, kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa. Mai kallo daga nesa zai ce ya kamata a yafe. Wanda ya sayar da kujerun ɗakinsa ya ƙona ƙofar lambunsa don 'ya'yansa su ji ɗumi, alhali wani na karɓar albashi, shi ya san nauyin abin da ake nema a wurinsa.

Waɗanda ba su da sauran mai rai da za su tambaya, takarda suke bi. A nan akwai wani abu mai ɗaci: wanda rami ya kashe ya fi wanda ya tsira sauƙin samu. Mutuwa a rami na jawo binciken hukuma, da rahoton sufeto, da labarin jarida, don haka akwai suna, da shekaru, da irin aikin, da yadda dutsen ya faɗo. Masu aikin sa-kai na gidan tarihin haƙar ma'adinai da ke zauren garin Spennymoor sun yi shekaru suna tattara dubban irin waɗannan sunaye, rami bayan rami, kowa na iya dubawa a intanet. Wanda ya yi shekara hamsin a ƙasa ya mutu a gadonsa da ƙurar kwal a huhu, sau da yawa ba a samun komai a kansa sai rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Ko mamatan ma ba duka aka kyauta wa ba: mutum 54 daga cikin na West Stanley sun kwanta a kabarin bai-ɗaya babu suna har 2005, lokacin da gangamin jaridar Northern Echo ya sa aka kafa musu dutse.

Mai son ganin irin ɗakin da kakarsa ta yi aure a ciki sai ya nufi Beamish, gidan tarihi na fili da Frank Atkinson ya assasa, wanda ya riƙa karɓar duk abin da aka kawo masa a daidai lokacin da ake rushe ƙauyuka. A can akwai layin gidajen mahaƙa na Francis Street da aka ciro daga Hetton-le-Hole aka sake ginawa, wuta na ci a murhu, ga bahon kwano da mahaƙi ke wanka a gabanta, ga tabarmar tsummoki a ƙasa. Akwai makaranta, da coci, da wani tsohon rami marar zurfi da ake shiga da baƙi a sunkuye. Hetton ɗin nan ita ce mahaifar Bob Paisley, kocin da ya ci wa Liverpool kofin Turai sau uku, kuma daga mahaƙanta ne dangin Catherine, matar Yarima William, suka fito ta wajen uwa.

Babbar taskar masu bincike ita ce ƙidayar jama'a, wadda ake yi duk shekara goma a kuma ɓoye bayanan gidaje sai bayan shekara ɗari. A Janairu 2022 aka buɗe ta 1921, kuma ta zo wa 'ya'yan mahaƙa da abin da ba su taɓa samu ba, don a cikinta aka fara tambayar sunan wanda mutum ke yi wa aiki da wurin aikin. Ga rubutun hannun kakan-kaka, ga sunan raminsa, ga mutum tara ko goma a ɗaki biyu ko uku, har da ɗan haya. An yi ƙidayar ranar 19 ga Yuni, daidai lokacin da masu ramuka suka rufe ƙofa ga ma'aikatan da suka ƙi yarda a rage musu albashi, saboda haka a shafi bayan shafi na ƙauyukan Durham, kusa da sunan ramin, an rubuta cewa ba ya aiki.

Mata ne takardun suka fi zalunta. Tun dokar 1842 ba mace a ƙarƙashin ƙasa, don haka a gaban sunanta abin da ake gani bai wuce aikin gida ba. Aikin gidan kuwa shi ne tashi ƙarfe uku na dare a sallami miji, a tari ɗa na fari da ya fito da safe, a sallami na biyu da rana, kowanne da ruwan zafinsa da abincinsa da kayan da za a bubbuge a shanya, ga goyo kusan duk shekara biyu. Sunanta na gidan uba ma ya ɓace ranar aure, sai an nemo takardar auren kafin a san daga wane ƙauye aka ɗauko ta.

Daga 1921 kuma hanya ta yanke. Takardun ƙidayar 1931 na Ingila da Wales sun ƙone a gobara a 1942, ba a yi ta 1941 ba saboda yaƙi, sai rajistar da aka yi a gurguje a 1939 wadda ba ta da cikakken bayani. Ta 1951, shekarar rukunin D, ba za a buɗe ta ba sai 2052, ta 1961 da za ta nuna iyalai a jajibirin ƙaura zuwa kudu sai 2062. Labarin wanda ya zauna a wane layi, da wanda ya tafi Cotgrave, da wanda ya auri ƙanwar marra ɗinsa, yanzu a bakin tsofaffi yake, kuma mafi ƙanƙantar waɗanda suka yi aiki a ramukan Durham sun haura hamsin. Shi ya sa kwamitocin tuta da ƙungiyoyin tarihi na ƙauyuka suka duƙufa ɗaukar muryoyin dattawa, suna bin gidajen tsofaffin mahaƙa da akwatunan hotuna ana rubuta sunaye a bayansu, suna kai yaran firamare Redhills, hedikwatar ƙungiyar mahaƙan Durham da aka buɗe a 1915, su zauna a kujeru masu lamba inda wakilin kowane rami ke zama, kowane yaro a nuna masa ta ƙauyensu.